Ta Ramin Yen Biyar

Daga ofishin Mai Girma Farfesa Alhaji Dakta, Shugaban Majalisar Ƙoli ta Masu Kimanta Tsabar Kuɗin Ƙasashen Gabas, reshen Landan da kewaye.

Zuwa ga Injiniya Nura, ɗan Alhaji Sale, mazaunin ƙasar Japan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta manya, muna fatan kana lafiya, kai da aiki, da sanyin can, da ɗanyen kifin da aka ce kuna ci ba ko yaji.

Majalisarmu ba ta saba rubuta wa ƙananan ma'aikata wasiƙa ba. To amma labari ya iso mana cewa akwai wani dattijo a Woolwich, a hawa na uku, wanda ya tara tsabar kuɗin Japan da ɗansa yake aiko masa. Dattijon mahaifinka ne, ɗan kuwa kai ne. Mun je, mun duba, mun auna, ga rahotonmu. Mun buga shi a fili inda kowa zai karanta ne saboda an shaida mana cewa idan aka tura maka saƙo kai kaɗai, sai an fid da rai sannan ka amsa da hoton babban yatsa.

Wanda ya buɗe mana ƙofa wani saurayi ne dogo, kyakkyawa, mai fara'a, da ganinsa ka ga ɗan mutunci. Aka ce mana sunansa Habu, ɗan ƙanwar mahaifinka, wato taubashinka. Kai ɗan namiji, shi ɗan mace, shi ya sa tun kuna yara a Ɗambatta ba ka taɓa kiransa da sunan da aka yanka masa rago ba, sai Bawa. Shi aka ɗauko daga gida bayan rasuwar mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, lokacin kai kana haɗa jakar tafiya Japan. Da rana yana saran nama a wani shago a kasuwar Woolwich. Da safe da yamma yana dafa wa mahaifinka abinci, ya ba shi magani, ya wanke, ya goge, ya share. Majalisa ta duba tarihi, ba ta taɓa ganin wasan taubasantaka da ya zama gaske haka ba.

Yanzu ga kayan da muka tarar.

Akwai 'yan yen ɗaya, farare, na sanholo, da hoton ɗan tsiron bishiya. Ba su da nauyin komai. Idan ka ɗora ɗaya a hankali a kan ruwan kofi, sai ya yi zamansa a sama kamar ganye. Akwai yen goma-goma jajaye masu hoton wani tsohon gini. Akwai na hamsin masu furanni. Sai kuma wanda mahaifinka ya fi so duk cikinsu, yen biyar, mai ruwan zinariya, da zangarniyar shinkafa ta rusuna a jikinsa, da rami a tsakiya. Ya ce ranar da ka fara aiko masa da shi, yana buɗe takardar sai ya ga anini, irin wanda kakarku take ɗaurewa a bakin zane. Daga ranar ciwon tara su ya kama shi.

Kowanne yana da gurbinsa a cikin faranti mai shimfiɗar karammiski. Farantan suna cikin durowa, durowar tana cikin ɗakinka. Ɗakin nan kuwa ba a kwana a cikinsa tunda ka tafi, don mahaifinka ya ce ba a san ranar da za ka faɗo ba. Saboda haka majalisa ta rubuta a rahotonta cewa a gidan nan sulalla suna da ɗaki da labule da abin ɗumama ɗaki, shi kuwa saurayin nan mai mutunci yana kwana a kujerar falo, ƙafafunsa na reto a waje.

Ba ƙorafi ya kawo mana ba. Mu muka gani da idonmu.

Mun kuma bincika maganar kuɗin shara. Ka san al'ada: idan watan cika-ciki ya kama, ɗan namiji yana ba ɗan mace kuɗin shara. Mun samu shaida cewa kana aiko wa mahaifinka ƙunshi guda, an naɗe kowane sulai a takardarsa kamar jariri. A ƙasan ƙunshin kuma sai a ga yen ɗaya tak, an manne shi da salatif a jikin kwali, an rubuta "na Bawa". Kowace shekara. Injiniya guda, mai ƙera motoci. Kuɗin da ko ruwa ya ƙi haɗiye shi. Yaron ya kai shi wurin masu canji a Whitechapel, mutumin ya juya shi, ya sake juyawa, ya tambaye shi ko maɓallin riga ne.

Mahaifinka kuwa da aka nuna masa sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Nura ba ya mantuwa."

Bari mu gaya maka yadda ake kimanta kayan nan, tunda kai aikowa kawai ka iya. Mutanen Japan ba sa buga shekarar Turawa a jikin kuɗinsu. Shekarar sarautar sarkinsu suke bugawa, kuma a kan yen biyar ko lamba ɗaya da ka sani babu, sai zanensu. Darajar sulai tana ga shekararsa. Wata shekarar an buga da yawa, wannan ba shi da wani tasiri. Wata shekarar kaɗan aka buga, wannan masu tarawa ke bi. A cikin yen goma kuma akwai tsofaffi masu haƙora-haƙora a gefe, waɗanda aka daina yin irinsu tun kafin a haifi iyayen wasu. Waɗannan mahaifinka ba ya buƙatar kowa a kansu. Babban yatsansa yake bi da shi a gefen, idan ya ji ƙaiƙayin haƙoran sai fuskarsa ta washe.

Amma shekarun sai an karanta. Ƙananan zane ne, shi kuma ya ce gilashinsa ya tsufa. To wa zai karanta? Yaron da ko aji ɗaya na boko bai taɓa shiga ba, wanda a waya ya koyi haɗa baƙaƙen Turawa.

Ka san abin da ya yi? Allonsa ya ɗauko, wanda ya zo da shi daga gida a ƙasan jaka. Ya sa wata yarinyar maƙwabta ta nemo masa lambobin Japan a waya, ya dama tawada, ya zana su a allo kamar yadda malaminsa na allo ya koya masa. Kara ɗaya a kwance, ɗaya. Kara biyu, biyu. Mai kama da taga da labule, huɗu. Mai kama da mararrabar hanya, goma. Ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa, har suka zauna. Ya koyi sunayen sarautu uku da siffarsu, ba tare da ya san yadda ake furta ko ɗaya daidai ba. Yau idan ka miƙa masa yen biyar, kafin ka ƙifta ido ya gaya maka sarkin da shekarar.

Ranar da ya fara karantawa babu kuskure, ya gano wani yen goma na shekarar da ba a cika samu ba. Ya miƙe tsaye yana murna, yana jiran a ce masa wani abu. Mahaifinka ya karɓa, ya shafa, ya ɗaga shi sama wajen taga, ya ce, "Kai, Nura ya iya zaɓe."

Nura ya iya zaɓe. Canjin da aka ba ka a kanti ka zuba a aljihu.

Majalisa ta so ta tsallake maganar tsamiya, don an ce mahaifinka ya riga ya ba ka labari a waya, kuma an ji dariyarka har kicin. Amma rabin labarin ka ji. Yaron ya ga jajayen nan sun yi baƙi, sun dushe, wasu har da kore-kore. A gidansu kuwa idan tasa ta yi haka, an san maganinta. Ya jiƙa tsamiya, ya roƙo toka wurin wani mai suya, ya jira ranar da mahaifinka ya tafi masallacin Juma'a da abokansa, ya zauna ya dirje faranti guda na masu haƙora, ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon buroshin haƙori. Suka fito suna walƙiya kamar kayan ɗakin amarya. Ya jera su a kan tebur, ya sa sabuwar riga, ya zauna yana jiran albarka.

Washegari Asabar suka je kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi da ke kusa da Charing Cross, inda mahaifinka ya yi shekaru yana aikin tuƙi kafin ya yi ritaya. Akwai wani tsohon Bature da suka saba da shi a can. Yana ganin farantin ya dafe kai da hannu biyu kamar an yi masa rasuwa. Ashe a wannan sana'a dattin shi ne darajar. Baƙin nan da shekaru suka sa wa sulai shi ake saye. Wanda aka dirje ya zama ƙarfe kawai.

Wannan ka sani, shi ya ba ka dariya. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya faru a hanyar dawowa. Mahaifinka bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Yana riƙe da farantin a cinyarsa har jirgi ya kusa Woolwich, sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Ba darajar nake ji ba, Habu. Hannun Nura ka wanke."

Hannun da ya dirje su kuwa, tsamiya ta cinye masa gefen farce, kwana da kwanaki yana sa wa mahaifinka safa da shi. Ba a tambaya ba.

To ga sakamakon kimantawa, tunda shi ya kawo mu. Duk abin da ka aiko tun tafiyarka, da masu rami da masu haƙora da masu yawo a kan ruwa, idan aka tattara aka kai kasuwa, da ƙyar su sayi cinyar rago a shagon da yaron yake aiki. Wannan ita ce darajarsu a Landan. A hawa na uku kuwa, majalisa ta auna, ta ga yen biyar ɗaya ya fi saurayi mai tsawon ƙofa nauyi. Mun sake aunawa ko ma'aunin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau.

Nura, akwai sauran magana, kuma daga nan rigar Farfesa ta fara yi mini nauyi.

Ba gilashi ne ya tsufa ba.

Idon mahaifinka na hagu ya tafi tun bara. Na dama ne ya rage, shi ma yana rufewa daga gefe-gefe. Hawan jinin ido ne. Ana ɗiga magani safe da yamma, an yi aiki sau ɗaya, likita ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ake ta lallaɓawa, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Duk kiran bidiyon da kake yi kana ganinsa tsaf da hula yana kallonka, an riga an zaunar da shi ne, an saita wayar daidai inda idon yake kamawa. Da ka matsa gefe kaɗan ka ɓace masa, sai ya ci gaba da yi wa bangon ɗakinka murmushi. Kai kuma kana ta ba shi labarin jirgin ƙasa mai gudu.

Ranar da aka gaya mana a asibiti, likitar ta dube ni ta tambaye shi ko ɗansa ne. Ina riƙe da rigar sanyinsa da sandarsa da ledar magunguna. Ya ce a'a, ɗan ƙanwata ne, ɗana yana Japan, injiniya ne. Ya laluba aljihu ya fito da yen biyar ya nuna mata. Ta yaba, ta ce kyakkyawa ne. Ni na tsaya ina kallon takalmina.

Muka fito muka shiga jirgi. Fushi nake yi, kuma so nake ya sani. Muna zaune sai ya kamo hannuna, ya sa mini sulan a tafi, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa ta ramin. Na leƙa. Duk taragon ya ɓace, sai kunnen wani mutum da rabin jaridarsa. Ya ce, "To haka nake ganinka yanzu. Kuma ramin raguwa yake." Sannan ya ce, "Kada Nura ya ji daga bakinka. Yana tsakiyar aiki, kada a ɗaga masa hankali."

Ban rantse ba, kai kawai na gyaɗa. Na yi wata da watanni ina riƙe da maganar. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ba biyayya kaɗai ta sa na riƙe ba. Wani ɓangare na zuciyata cewa yake: bar shi can. Bar shi da kifinsa. Idan ramin ya rufe, fuskar da ya gani ta ƙarshe tawa ce, ko bai so ba. Ni na yi sharar, ni zan kwashe wannan. Har daɗi tunanin yake yi mini, Allah ya yafe mini.

Abin da ya karya ni, makon jiya ne. Da hantsi, rana ta ɗan leƙo, ya ce in zo in tsaya a wajen taga. Na ɗauka sulai zan karanta. Sai ya kama haɓata yana juya fuskata a cikin haske, a hankali, kamar yadda yake juya masu haƙora. Ya daɗe yana kallo. Ban taɓa jin ya dube ni haka ba tunda na zo ƙasar nan. Har na fara jin daɗi. Sai ya ce, "Goshinku ɗaya. Shi ma ya tara gemu haka, ko nasa bai kai ba? A waya ba na iya haɗa fuskar."

Ka gani? Ko fuskata ba tawa ba ce a gidan nan. Aronta ake yi a duba taka.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji. Da na fito na san ba zan iya cin wannan gasar ba, kuma ko na ci ba abin da zan samu sai tsoho mai baƙin ciki. Ina kishinka, Nura, ban ɓoye ba. Ina kishin ɗakinka, da sunanka da yake fara fitowa bakinsa kafin nawa ko ruwa zai nema, da canjin aljihunka da ya fi tuwon hannuna. Amma kishin nawa bai kai in bar shi ya shiga duhu yana haɗa fuskarka da goshin wani ba.

Don haka ga hukunci, kuma wannan ba na majalisa ba ne. Watan cika-ciki ya kusa. Bana ba na karɓar kuɗin shara ta gidan waya. Duk kwalin da ya zo da salatif, zan mayar. A Ɗambatta ba aike ake yi ba. Ka tuna yadda nake tare ka a zaure da tsintsiya, ina share gabanka kana tsalle, har sai ka zaro abin da ke aljihunka ka sa mini a hannu, sannan ka bi ni da gudu wai in dawo maka da canji? Haka nake so. Hannu da hannu. Yen ɗayan ma ya isa, ban ƙara maka farashi ba. Ka nemi hutu. Idan sun hana, ka ce musu ubangida ne zai je biyan bawansa, al'ada ce, su ma an ce mutanen al'ada ne.

Kada ka kira shi ka yi kuka a waya. Kada ka ce za ka turo kuɗin babban likita, an ga likitoci. Kada ka ce sai ƙarshen shekara. Ban san abin da zai rage a ƙarshen shekara ba, likitar ma ba ta sani ba.

Na riga na gwada maka wurin tsayawa. Na zauna a kujerarsa, na rufe ido ɗaya, na sa yen biyar a ɗayan, na sa yarinyar maƙwabta ta yi ta matsawa gaba da baya. Idan mutum ya tsaya a bakin ƙofar falo, daidai inda kafet ya ƙare, fuskarsa tana shiga ramin gaba ɗaya, daga hula har gemu. Nan za ka tsaya. Kada ka rugo ka rungume shi tukuna, da ka matso ka zama hanci kawai. Ka tsaya cak ka bar shi ya ƙoshi. Ni zan buɗe labule, in koma kicin. Ba sai na kalla ba.

Ɗakinka a share yake. Zan kwashe farantan in canja zanen gado. 'Yan yen ɗayan nan naka kuma, da na ce na kai canji, ɗaya kawai na kai. Suna nan duka a cikin jakar allona, har da kwalayen. Kada ka ji daɗi, ajiya ce kawai, ko wata rana za su yi daraja.

Allah ya tsare wa Kawu hasken da ya rage masa, ya riƙe ramin nan a buɗe har ka iso. Allah ya jiƙan Umma, ya haskaka kabarinta. Allah ya buɗe maka hanya, ya tausasa zuciyar masu ba ka hutu, ya kawo ka lafiya. Ni kuma Allah ya wanke mini zuciya, amma ba da tsamiya ba. Amin.

Saura abu ɗaya. Babu wata majalisa. Babu Farfesa, babu Dakta, Alhajin ma tukuna. Kawu ya ce kada ka ji daga bakina, shi ya sa na aro bakin babban mutum, ga shi kuma rigar ta zame tun a tsakiyar hanya. Na san kafin la'asar abokansa na masallaci za su karanta masa wannan, zai kira ni da cikakken sunana, abin da bai cika yi ba. Zan je in durƙusa daidai inda yake gani.

Ni ne dai, mai kwana a kujera,
Bawanka,
Habu.